Daga ƙafa ake gane namiji? Tambayar wani tela daga Jidda

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana. Ni tela ne a unguwar Sabil a nan Jidda, a nan aka haife ni, iyayena mutanen Katsina ne. Shekarata 27, kuma an sa ranar aurena bayan aikin Hajji. Ni gajere ne, tsawona santimita 161, takalmi lamba 39 nake sawa, yatsuna ma gajeru ne. Tun da aka sa rana abokai suka sa ni a gaba a wurin shan shayi, wai daga ƙafa ake gane namiji, wai mai ƙaramar ƙafa da gajerun yatsu mazakutarsa ma haka take. Wani ya ce a'a, hanci ake dubawa. Ina taya su dariya, amma in na shiga ɗaki barci ba ya zuwa. Na auna da tef ɗin shago, a kwance santimita 8, in ta miƙe 12 da ɗan wani abu. Na sayi wata zuma a wurin wani attar, mai sayar da magungunan gargajiya, riyal 150, da man shafawa, wata biyu ban ga canji ba sai ciwon kai da zafin fuska. Shin maganar tasu gaskiya ce? Ko in fasa auren kada in cuci 'yar mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka fasa aurenka. Na sa wannan a gaba don ko da a nan ka tsaya da karatu, ka tafi da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tunda ka kawo lambobi, da lambobi zan amsa maka.

A shekarar 2015 wasu likitocin mafitsara sun fitar da sakamakon awon da suka yi wa maza 778 da suka zo asibiti a nan ƙasar Saudiyya. An yi wa kowannensu allurar da take sa gaba ya miƙe, sannan ma'aikacin lafiya ya auna da hannunsa, ba wanda aka ce ya faɗi nasa da baki. Matsakaicin tsawon da aka samu, daga fatar mara zuwa kan kaciya, santimita 12.53 ne. In kuwa an danna abin awon har ya taɓa ƙashin mara, 14.34. Kaurin, in an zagaya shi da tef, 11.50. Kai ka ce naka 12 da ɗan wani abu, kuma na tabbata daga fata ka auna, don haka kusan kowa yake yi a ɗakinsa. To ka ga inda ka faɗa: tsakiyar sahu. Da za a jera mazan da ka yi wa ɗinkin sallar bara, kusan rabinsu suna bayanka.

A 2015 ɗin dai, wani likita a Landan mai suna David Veale da abokan aikinsa sun tattara awon maza 15,521 daga ƙasashe daban-daban, duk waɗanda ma'aikatan lafiya ne suka auna. Matsakaici a kwance santimita 9.16, a miƙe 13.12, kauri a miƙe 11.66. Cikin maza 100, kusan 90 suna tsakanin santimita 10 da 16 ne in gaba ya miƙe. Masu wuce 16 kaɗan ne, masu gaza 10 ma kaɗan ne. Awon da ka yi a kwance kuwa kada ka ɗora masa nauyi. Sanyin na'urar ɗaki, tsoro, gajiya, wanka da ruwan sanyi, duk suna sa gaba ya tsuke. Tun a 1996 wani bincike a Amurka a kan maza 80 ya nuna cewa tsawon gaba a kwance ba ya faɗin inda zai kai in ya miƙe. Wani nasa ƙarami ne a kwance amma sai ya kusa ninkawa, wani kuma dogo ne a kwance, ƙarin da yake yi kaɗan ne.

Yanzu ga maganar abokanka. Na ji daɗi da ya zama tela ne ya yi tambayar nan, don kai ka fi ni sanin jikin mutane ta fuskar awo. Ni da rula ɗaya nake aiki, kai kuwa tef yana rataye a wuyanka daga safe har bayan isha'i. Ka faɗa mini, in mutum ya bugo maka waya ya ce lambar takalminsa 44, ka ɗinka masa tob, wato jallabiya, za ka sa almakashi a yadinsa? Ba za ka sa ba. Sai ya zo ka auna kafaɗa, ka auna hannu, ka auna wuya, ka auna ƙirji. Ka san a jimlace dogayen mutane sun ɗan fi gajeru faɗin wuya, amma sau nawa ka ga zanƙalelen mutum mai siririn wuya, ka ga gajere wanda kwala sai an ƙara mata? In ka yanka kwala da tsawon mutum kawai, asarar yadi za ka yi. To alaƙar mazakuta da sauran gaɓɓai ta fi wannan rauni.

Batun takalmi an gwada shi kai tsaye. A 2002 likitoci biyu a Landan, Shah da Christopher, sun auna maza 104, suka rubuta lambar takalmin kowa kusa da tsawon gabansa. Ba su ga wata alaƙa ba. Kafin su, a 1993, an auna maza 63 a Kanada, aka ga 'yar alaƙa da tsawon ƙafa da tsawon jiki, amma masu binciken da kansu suka ce ta yi raunin da ba za a iya hasashen komai da ita ba. Don haka lamba 39 ɗinka labarin ƙafarka kawai take bayarwa.

Tsawon jiki shi ne abin da ya fi fitowa a bincike daban-daban, kuma ba zan ɓoye maka ba. A tarin awon nan na Veale, shi ne ma'aunin da aka fi samun alaƙarsa da tsawon gaba, daga mai rauni zuwa tsaka-tsaki. Ma'anarsa ita ce in ka tara dogaye 1,000 a gefe, gajeru 1,000 a gefe, ka fitar da matsakaicin kowane rukuni, na dogayen zai ɗan ɗara. Amma in ka zaro mutum ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ba ka san wanda zai fi ba sai an auna. Shekara 14 ina duba maza a ɓangaren mafitsara a garin nan, Larabawa da Hausawa da mutanen Yaman da Indiya da Bangaladash, kuma har yau in mutum ya turo ƙofa ya shigo, tsawonsa ba ya gaya mini abin da zan gani in ya hau gadon dubawa.

Na yatsu ya fi ban sha'awa, kuma abokanka sun ji shi ne a karkace. A 2011 likitoci a Koriya ta Kudu sun auna maza 144 da aka kwantar don aikin tiyata, bayan an sa musu maganin barci. Abin da suka duba shi ne bambancin da ke tsakanin manuniya da yatsan zobe a hannun dama. Sun ga cewa waɗanda manuniyarsu ta fi gajarta in an kwatanta da yatsan zobe sukan ɗan fi tsawon gaba. Ka lura, tsawon yatsun gaba ɗaya bai shigo maganar ba. Mai gajerun yatsu irinka yana iya faɗawa kowane ɓangare. Kuma bambancin na 'yan milimita ne da ake ɗauka da na'urar awo ta musamman, ba abin da za ka gane ba ne in mutum ya miƙo maka hannu kun gaisa a ƙofar masallaci. Na hanci kuma daga Japan ya fito, a 2021, inda likitocin binciken gawa a Kiyoto suka auna gawarwakin maza 126 suka ga masu dogon hanci sun ɗan fi. Shi ma lissafin jimla ne a kan mutane kaɗan, kuma matattu.

Akwai dalilin da ya sa masana suke bin wannan sawu, ba wasa suke yi ba. Tun jariri yana ciki, wasu ƙwayoyin gado da ake kira Hoks suna da hannu wajen tsara yatsun hannu da na ƙafa da kuma al'aura. Har akwai wata cutar gado da ba a cika gani ba wadda take taɓa hannu da ƙafa da al'aura a tare. Sinadarin mazantaka, testostiron, shi ma yana aiki a kan gaban ɗa namiji tun watannin farko na ciki, yana sake tasowa a 'yan watannin bayan haihuwa, sannan ya yi babban aikinsa lokacin balaga. Ana kyautata zaton shi ne yake shafar yatsan zobe. Amma tsawon ƙafa da na jiki suna bin ɗaruruwan ƙwayoyin gado, da abincin da yaro ya ci, da cututtukan da ya sha yana ƙarami. Tushen ya ɗan haɗu, daga nan kowane reshe ya kama gabansa.

Bari in ƙara da wata magana da na san kana ji, don mu baƙaƙen fata a ƙasar nan muna shan ta, wani lokaci cikin raha, wani lokaci cikin raini: wai Takari ko Ba'afirke nasa daban ne. Wannan magana tana cutar da samarinmu, don yaro yana ganin in bai wuce kowa ba to ya gaza. A Nnewi ta jihar Anambara an auna maza 115 a 2006, ta hanyar jan gaba a kwance har iyakarsa, aka samu matsakaici santimita 13.37. A tarin awon Veale, inda akasarin mutanen Turawa ne da 'yan Gabas ta Tsakiya, irin wannan awo ya ba da 13.24. Ina bambancin? Hotunan batsa da suke yawo a wayoyi kuma sun ƙara dagula lissafi, don masu yin su zaɓo mutane suke yi cikin dubbai, su haɗa da dabarar kyamara, yaro ya kalla ya ɗauka haka duniya take.

In akwai ma'aunin jiki ɗaya da nake so mazanmu su damu da shi, to ƙugu ne. A nan gizo yake saƙa. Ka koma kan lambobin Saudiyya da na kawo: 12.53 daga fata, 14.34 daga ƙashi. Kusan santimita 2 ke nan a binne cikin kitsen mara, a matsakaicin mutum. Mai tumbi nasa ya fi haka. Watannin baya wani bawan Allah, direba ne da yake jigila tsakanin Jidda da Makka, ya zo wurina. Ya ba 50 baya. Ya zauna ya daɗe yana juya makullin mota a hannu kafin ya ce, "Likita, abin nan fa ƙanƙancewa yake yi, ina jin an yi mini sammu." Na ce ya kwanta. Na ɗora rula a mararsa yadda take, na nuna masa lambar. Sannan na danna rular a hankali, ta nutse cikin kitse har ta tsaya a ƙashi, na ce ya ɗago kai ya duba. Santimita 4 suka fito waɗanda ya ɗauka sun tafi. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe yana nan." Yana nan, shinkafar kabsa da mandi ta dare da lemon kwalba da zaman mota na awa 12 ne suka rufe shi. Da muka auna jininsa sai ga sukari ya hau bai sani ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, don ciwon sukari da hawan jini da taba suna lalata jijiyoyin da suke kai jini gaba, su ne suke kashe ƙarfin namiji. Mutumin ya rage shinkafar dare, ya fara tafiya a ƙasa bayan sallar asuba a bakin teku, kuma da ya dawo bayan wata 5 wandonsa ya yi masa yawa. Kai tela ne, aikinka na zama ne, ga shayi mai sukari kofi bayan kofi. Ka riƙa sa tef ɗin nan a cibiyarka lokaci-lokaci. In zagayen ya wuce rabin tsawonka, wato santimita 80 a wurinka, ka tashi tsaye.

Akwai kuma yaudarar ido. Kai daga sama kake kallon naka, a tsaye, sai ya gajarce maka. Na wani kuwa, in ka taɓa gani, daga gefe ka gan shi. Shi ya sa mafi yawan masu zuwa da wannan kuka lafiyarsu ƙalau. A birnin Fulorans na Italiya an auna maza 67 da suka zo neman a ƙara musu tsawo, ba a samu ko ɗaya da ke da ƙanƙantar da likita zai kira cuta ba. A Alƙahira an auna 92, haka aka samu. Ƙanƙanta ta haƙiƙa tana nan, amma ba ta da yawa, kuma muna maganarta ne in babban mutum bai kai kimanin santimita 7.5 a miƙe ba. Malamanmu na Malikiyya ma da suka lissafa aibobin da mace za ta iya neman rabuwa saboda su, ƙanƙantar da suka ambata ita ce wadda saduwa ba ta yiwuwa da ita sam. Wanda kuma gabansa ba ya miƙewa, shekara guda suka ce a ba shi ya nemi magani. Ba su sa wa kowa tef ba. Gwajin kafin aure da hukuma ta wajabta a ƙasar nan tun 2004 shi ma sikila da talasimiya, wata cutar jini ta gado, yake nema, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau. Wannan gwajin shi nake so ka ba muhimmanci, don sikila tana da yawa a cikinmu, kuma na ga gidajen da ta hana barci.

Zumar nan ka daina sha daga yau. Ciwon kai da zafin fuska da ka ambata alamomi ne da muka sani na sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta sha gargaɗi a kan zuma da kayan ƙarin kuzari da ake zuba wa irin wannan magani a ɓoye, ba a rubuta a jikin kwalba ba. Ba ya ƙara ko milimita ɗaya, kuma ba ka san yawan da aka zuba ba. In mai ciwon zuciya da ke shan maganin nan na ƙarƙashin harshe ya sha, jininsa yana iya faɗuwa warwas. Kada ka miƙa wa wani dattijo ragowar don kada kuɗinka su tafi a banza, ka zubar. Man shafawa ma ba ya ƙara komai, wani ma ƙona fata yake yi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne allura. Na taɓa karɓar wani saurayi ɗan shekara 24 da wani ya ɗura masa mai a ƙarƙashin fatar gaba a wani ɗaki, da sunan ƙarin kauri. Ya zo bayan wata 8, wurin ya yi tauri kamar dutse, ya yi ƙulu-ƙulu, fatar ta fara fashewa tana ruwa. Sai da aka yanke fatar aka yi masa dashen wata daga cinyarsa. Kafin allurar nan, awonsa daidai yake da na kowa. Har yau in na tuna fuskar mahaifinsa a bakin ɗakin tiyata raina yana ɓaci.

Ka ce kana tsoron cutar 'yar mutane, kuma wannan ya nuna mini kana da tausayi. A wani bincike na 2006 a Amurka da mutum sama da 52,000 suka amsa, kashi 85 cikin 100 na mata sun ce sun gamsu da girman mazajensu, alhali kashi 55 ne kawai na maza suka gamsu da nasu. Mu ne muke ɗora wa kanmu kayan. Wuraren da mace ta fi jin daɗi suna daga waje ne da kusa da ƙofa, ba can ciki ba. Matan da suke rako mazajensu wurina, in sun buɗe baki, kukansu gaggawa ce, da rashin wasa, da rashin tsafta, da miji ya juya baya ya yi barci ba ko sannu. Amaryarka ita ma da nata tsoron za ta shigo. Ka bi ta a hankali, ka yi mata magana, kada ka mai da daren farko jarrabawa. In bayan aure ka ga matsala ta miƙewa ko saurin kawowa da ta wuce 'yan makonni, ka zo asibiti, akwai magani. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar.

Tambaya: Likita, ina yi maka fatan alheri. Ni uwa ce a Hindawiyya, Makka. Ɗana shekararsa 10, yana da ƙiba sosai, kuma gabansa ƙarami ne ƙwarai, na ƙaninsa ɗan shekara 6 ya fi fitowa. Wata maƙwabciya ta ce a yi masa allurar sinadarin maza tun da wuri. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya su. Kada a yi masa allurar nan sai likitan yara ya gani ya ce a yi. Daga yaye zuwa balaga gaban yaro ba ya wani girma sosai, don haka ɗan shekara 10 da ɗan shekara 6 ba su cika nisa da juna ba, sai kitsen mara ya haɗiye na babban, na ƙaramin ya fito. In likita ya danna kitsen ya auna daga ƙashi, galibi sai a ga komai daidai. Balagar yara maza tana farawa tsakanin shekara 9 da 14, kuma 'ya'yan maraina ne suke fara girma, gaba ya biyo baya da kamar shekara guda. Testostiron da aka ba yaro ba bisa ƙa'ida ba yana iya rufe masa ƙashi da wuri ya tsaya gajere.

Ki kai shi asibiti in ɗaya daga cikin 'ya'yan marainansa ba ya cikin jaka, ko in ƙofar fitsarin tana ƙasa maimakon a kan kaciya, ko in ya kai 14 babu alamar balaga. Ƙibar ita ce abin yi yanzu: a rage lemon kwalba da soyayyar kazar burosted, a bar shi ya fita ƙwallo bayan la'asar. Kuma ina roƙonki, a daina tuɓe shi a gaban maƙwabta ana gwada shi da ƙaninsa. Yaron shekara 10 yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. In za a je asibitin, mahaifinsa ko kawunsa ya raka shi, a shiga a rufe ƙofa.